Bindigar Iska Don Tsuntsayen Da Ke Ɓarna A Gida: Wacce Za A Saya?

Duk wanda ya taɓa shanya gero ko shinkafa a tsakar gida, ya shiga ɗaki na ɗan lokaci, ya fito ya tarar da kurciyoyi da gwara sun baje a kan tabarma kamar su suka noma, ya san abin da ke sa mutum ya fara tunanin bindigar iska. Haka mai kiwon kaji da hankaka ya saba wa, yana sauka a kan katanga da sassafe yana jiran kaza ta tashi daga kan ƙwai. Danƙon yara yana kore su na minti goma, mutum-mutumi kuma kwana biyu ne su gane shi har su riƙa sauka a kansa. Matsalar ita ce bindigogin iska iri-iri ne, kuma mai sayarwa yakan fara nuna wadda ta fi ƙarfi da tsada, alhali a cikin gida mai maƙwabta ƙarfi shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba.

Kafin maganar kuɗi akwai maganar doka. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigar iska a rukuni ɗaya da bindigogin farauta da mutum ke mallaka don amfanin kansa, kuma lasisin wannan rukuni yana ƙarƙashin ikon Sufeto Janar na 'Yan Sanda, ba a kuma ba wanda bai kai shekara 17 ba. Shigo da ita daga waje yana buƙatar takardar izini daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro. An sha dakatar da bayar da sababbin lasisi saboda halin tsaro, don haka matakin farko shi ne zuwa hedikwatar 'yan sanda ta jiha a tambayi matsayin da ake ciki. Mutane da yawa suna ɗaukarta abin wasan yara ne, amma jami'in da ke shingen bincike da dare ba zai tsaya bambance ta da bindigar gaske ba idan ya hango ƙota da madubin saiti a kujerar baya. Wasu ƙasashen suna sassautawa bisa ƙarfin bindigar: a Ingila ba a neman lasisi muddin ba ta wuce kimanin jul 16 ba (jul shi ne ma'aunin ƙarfin harbi), a Jamus kuwa iyakar jul 7.5 ce. Wannan ne ya sa za a ga bindiga iri ɗaya, sunanta ɗaya, amma ƙarfinta ya bambanta gwargwadon ƙasar da aka ƙera ta dominta.

Ma'aunan da za a bi

Na farko shi ne daidaiton harbi. Kan kurciya bai wuce girman goro ƙarami ba, kuma tsuntsun da aka harba a fiffike ko a ciki yakan tafi ya mutu a wahale a gidan wani, abin da bai dace da tausayin da addini ya umarce mu da shi ga dabbobi ba. Gwajin da nake ba da shawara mai sauƙi ne: a kafa takarda a tazarar mita 20, a yi harbi biyar, idan murfin kwalbar lemo ya rufe ramukan biyar ɗin to bindigar da mai ita sun cancanci fuskantar tsuntsu, idan bai rufe ba a ci gaba da takarda.

Na biyu shi ne ƙarfi daidai bukata. Bindiga mai jul 10 zuwa 16 ta isa ga gwara da kurciya da hasbiya a tazarar mita 15 zuwa 25, wadda ita ce tazarar mafi yawan gidajenmu. Abin da ya haura haka yana huda kwanon rufi da tankin ruwa na roba, kuma harsashin da aka harba sama yana iya tafiya mita 300 ko fiye kafin ya sauko, a unguwar da kowane lungu akwai yara.

Sauran ma'aunan su ne ƙara, da kuɗin da za a kashe gaba ɗaya har da kayan da bindigar ba ta aiki sai da su, da ƙarko a cikin zafi da ƙurar hunturu, da sauƙin gyara a inda babu shagon kayan gyaranta, sannan hatsarin da kowane iri ke ɗauke da shi.

Mai sifirin, wadda ake karyawa

Ita ce wadda mafi yawan mutane suka sani. Ana kama bututun a lanƙwasa shi ƙasa, wannan ya danne wani sifirin mai kauri a ciki, a sa harsashi ɗaya, a mayar da bututun. Idan aka ja kunama sifirin ya saki, ya tura fistin, iskar da ke gabansa ta matsu ta fitar da harsashin. Ba ta bukatar gas, ba ta bukatar famfo, ba ruwanta da wuta ko batir. Gwangwanin harsashi 500 da ƙarfin hannunka su ne dukkan abin da take nema, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake fifita ta a wurarenmu.

Farashinta yana da faɗi sosai. Na kamfanonin Gamo na Sifen da Hatsan na Turkiyya sukan fara daga dala 100 zuwa 250, na ƙasar Sin akwai waɗanda ba su kai haka ba, yayin da na Jamus irin su Weihrauch da Diana sukan kai dala 300 zuwa 700. Bambancin kuɗin yana fitowa a wuri biyu, wato kunama da bututu. Kunamar mai araha tana da tauri, sai ka ja da ƙarfi har bakin bindigar ya goce daga saiti kafin ta tashi. Ta Weihrauch kuwa, wadda suke kira Rekord, tana sakin harbi da ɗan taɓi, kuma tun shekarun 1950 ake yabon ta. Ƙaramarsu HW30S nauyinta kimanin kilo biyu da rabi ne, ɗana ta bai fi jan kilo takwas ba, ƙarfinta kuma yana wajen jul 10, don haka dattijo ko mace za su iya aiki da ita ba tare da gajiya ba. Diana 34 ta fi ta ƙarfi da nauyi, ɗana ta yana kusan ninka na HW30S.

Aibinta shi ne tana da wuyar koyo. A lokacin harbi tana girgiza baya sannan gaba tun harsashin bai bar bututu ba, saboda haka idan aka riƙe ta da ƙarfi yau, gobe aka riƙe sako-sako, harsashin zai faɗa wurare biyu daban. Dabarar ita ce a ɗora ta a kan tafin hannu a buɗe, ba a damƙe ba, a wuri ɗaya kullum, kuma kada a jingina ta kai tsaye a kan katanga ko taga. Wannan girgizar mai fuska biyu tana kuma lalata madubin saiti da ba a yi shi don irinta ba, ko da kuwa madubin yana jure bindigar farauta mai albarushi. Ga tazarar tsakar gida, saitin ƙarfe da ta zo da shi ya wadatar ga mai lafiyar ido.

Abubuwa biyu ke kashe ta da wuri. Ɗaya shi ne harba ta ba harsashi, domin fistin zai daki ƙarshen silinda ba tare da matashin iska ba. Na biyu shi ne zuba man inji a ramin iskar. Na taɓa ganin wani maƙwabcina, da kyakkyawar niyya, ya ɗiga mata baƙin mai kamar yadda yake yi wa keken ɗinki. Da ya harba sai ta yi ƙara kamar bindigar toka, hayaƙi ya fito daga bakinta, robar fistin ta ƙone, daga ranar kuma harsashinta ko gwangwanin madara ba ya hudawa. Matsin iskar ne ke kunna man, kamar yadda injin dizal ke yi. Hatsarinta ga mai ita shi ne bututun ya kuɓuce yayin da yatsa ke sa harsashi, don haka ba a sakin bututun daga hannu har sai an rufe.

Akwai 'yar'uwarta wadda aka cire wa sifirin aka sa silinda mai gas ɗin naitirojin a rufe. Ta fi santsi wajen harbi, ba ta da ƙarar ƙugin sifirin, kuma za a iya barin ta a ɗane na ɗan lokaci ana jiran hankaka ba tare da ta yi rauni ba. Sai dai ranar da gas ɗin ya tsiyaye aikinta ya tsaya cak sai an samo sabuwar silinda daga waje, alhali sifirin ko ya gaji yakan ci gaba da aiki da rauni yana ba ka lokacin neman wani.

Mai tukunyar iska, wato PCP

Wannan ita ce sarauniyar daidaito. Tana da tukunya a ƙarƙashin bututu da ake cika wa iska har matsin bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska), wasu ma 250 ko 300, kowane harbi kuma bawul, wato 'yar ƙofar da ke tsare iskar, ya saki kaɗan. Ba ta girgiza, saboda haka wanda bai taɓa riƙe bindiga ba zai iya cin gwajin murfin kwalba a ranar farko. Yawancinsu suna da gidan harsashi mai ɗaukar takwas zuwa goma sha huɗu, wasu kuma an lulluɓe bututunsu da abin rage ƙara, har ya zama ƙarar faɗuwar harsashi a kan abin da aka harba ta fi ta bindigar. Cikawa ɗaya tana ba da harbi 20 zuwa 60 a ƙanana, fiye da haka a manya.

Kuɗinta ne da ɗawainiyarta ke sa a yi tunani sau biyu. Masu sauƙin farashi, irin na Snowpeak na ƙasar Sin ko Kral da Hatsan na Turkiyya, suna farawa daga dala 200 zuwa 400, Benjamin Marauder ta Amurka ta ɗara haka, su FX na Suwidin da Air Arms na Ingila kuwa sukan kai dala 1,000 ko su haura. A kan wannan sai an ƙara famfon hannu na musamman, dala 50 zuwa 200, da madubin saiti, domin yawancinsu ba sa zuwa da saitin ƙarfe. Injin mai faci ba zai cika ta ba, tunda iskar da yake bayarwa ba ta wuce bar goma, tayar mota ma bar biyu da ɗoriya take sha. Famfon hannu kuwa aiki ne na gumi, bugu ɗari ko kusa da haka kowace cikawa, da hutawa a tsakani don kada ya yi zafi ya cinye robobinsa.

Ta fuskar ƙarko, jikinta cike yake da ƙananan zobban roba, kuma ƙura da zafi abokan gabarsu ne. Zobe ɗaya ya tsage sai ka wayi gari agogon tukunya ya koma sifili. Da damina famfo yana tura danshi cikin tukunya, wanda ke jawo tsatsa daga ciki inda ido ba ya gani, sai dai idan an sa masa matatar danshi. Wanda zai saye ta ya haɗa da fakitin zobban gyara tun daga farko. Hatsari mafi girma kuma shi ne wanda ya fi kusa da mu: kada a kuskura a kai ta wurin masu walda a cika ta da iskar oksijin daga tukunyarsu. Oksijin mai matsi idan ya haɗu da maiƙon cikin bindigar yana fashewa a hannun mai riƙe da ita.

Mai gas ɗin CO2

Tana aiki da ƙananan gwangwanayen gas ɗin CO2, irin gas ɗin da ke sa lemon kwalba kumfa, masu giram 12, kowanne yana ba da harbi 30 zuwa 50. Ba ta girgiza, ba ta da nauyin ɗanawa, farashinta kuma dala 100 zuwa 200 ne, misali QB78 ta ƙasar Sin. A takarda kamar ta haɗa amfanin sauran biyun, amma yanayinmu bai karɓe ta ba. Matsin wannan gas yana bin zafin gari: a digiri 20 yana wajen bar 57, da sanyin asubar hunturu ya faɗi har harsashi ya riƙa sauka ƙasa da saiti, da zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri kuwa, inda ake haura digiri 40, yakan hau har bawul ya ƙi buɗewa sosai. Gwangwanin da aka manta a mota da rana yana iya fashewa. Ga kuma dogaro da kayan da sai an shigo da su, ranar da suka ƙare bindigar ta zama sanda. Ban ga dalilin zaɓenta ba ga wanda ke yankin Sahel.

Mai famfo a jikinta

Wannan ana yawan mantawa da ita, alhali tana da wata baiwa da sauran ba su da ita. Ana sa harsashi, a buga hannun famfon da ke ƙarƙashinta sau uku zuwa takwas ko goma, kuma yawan bugun shi ke ƙayyade ƙarfin harbin. A cikin sito ko ɗakin kaji mai rufin kwano, bugu uku ko huɗu sun isa ga gwara a tazarar mita takwas ba tare da an huda rufi ba; a fili kuma a cika bugun. Ba ta girgiza, ba ta da nauyi, kuma Benjamin 392 da ƙananan Crosman na Amurka sun daɗe suna wannan aiki a gonaki, a farashin dala 60 zuwa 250. Raunin ta shi ne jinkiri da hayaniya: ƙwas-ƙwas ɗin famfo yana korar sauran tsuntsayen kafin a shirya harbi na biyu, masu araha kuma roba ta yi yawa a jikinsu. Ana ajiye irin su Benjamin da bugu ɗaya a ciki don bawul ya kasance a rufe, ƙura ba ta shiga.

| Iri | Farashi da dala | Daidaito | Ƙara | Ƙarko a wurinmu | Babban hatsari |
|---|---|---|---|---|---|
| Mai sifirin | 100 zuwa 700 | Mai kyau bayan koyo | Matsakaiciya | Sosai | Kuɓucewar bututu |
| Mai silindar naitirojin | 120 zuwa 400 | Mai kyau bayan koyo | Matsakaiciya | Sai silinda ta tsiyaye | Kuɓucewar bututu |
| PCP | 200 zuwa sama da 1,000, ban da famfo | Mafi kyau | Kaɗan idan an lulluɓe bututu | Tana son kulawa | Iska mai matsi, oksijin |
| CO2 | 100 zuwa 200, ban da gas | Yana bin yanayi | Matsakaiciya | Rauni a zafi | Gwangwani a rana |
| Mai famfo | 60 zuwa 250 | Mai kyau a kusa | Tana bin yawan bugu | Matsakaici | Wuce adadin bugu |

Waɗannan farashin na kasuwannin waje ne, kafin kuɗin dako da na kwastan da canjin naira.

Girman harsashi

Biyu ne suka fi yawa, milimita 4.5 da milimita 5.5. A bindiga mai jul 16, harsashin 4.5 mai nauyin rabin giram da ɗan ɗori yana fita da gudun kimanin mita 240 a daƙiƙa, na 5.5 mai giram ɗaya kuma kimanin mita 180. Na farko yana tafiya a miƙe, don haka kuskuren ƙiyasta tazara ba ya cutarwa sosai, ya kuma fi araha da sauƙin samu. Na biyu yana lanƙwasowa da wuri, amma dukansa ya fi nauyi kuma bai cika ratsa tsuntsu ya wuce ba. Ga gwara da kurciya 4.5 ya isa, ga hankaka na fi son 5.5. Kada a ruɗu da alƙaluman da ake bugawa a kwali, irin su ƙafa 1,200 a daƙiƙa, domin da harsashi marar nauyi ake auna su, kuma harsashin da ya kusanci gudun sauti, wato mita 340 a daƙiƙa, yakan yi tsawa ya kuma rasa daidaito. Harsashi mai zagayayyen kai na kamfanonin JSB ko H&N ya fi masu tsini faɗawa wuri ɗaya, duk da cewa masu tsinin sun fi ban sha'awa a ido.

Mai kiwon kaji ya lura da cewa harsashin dalma ne. Kaza tana tsintar sa a ƙasa kamar tsakuwa, ya zauna a ƙundunta yana narkewa, gubar kuma ta shiga nama da ƙwai. Ba a harbi a kan hatsin da aka shanya ko kusa da mazubin abincin kaji. Abin da ya fi shi ne a ware kusurwa ɗaya, a jera buhunan yashi a jikin katangar ƙasa, a zuba ɗan tsaba a gabansu, a mayar da wurin shi kaɗai ne wurin harbi. Katangar siminti da ƙofar ƙarfe suna dawo da harsashi, tsuntsun da ke kan katanga ko wayar lantarki kuma ba abin da ke bayansa sai sararin unguwa, don haka a ƙyale shi.

Wa ya dace da wacce

Magidancin da ke cikin gari, mai tsakar gida da ba ta wuce mita 20 ba, wanda damuwarsa gwara da kurciya ce a kan shanya, ya nemi mai sifirin marar ƙarfi sosai a girman 4.5, irin HW30S idan aljihu ya ba da dama, ko wata mai kama da ita daga Gamo ko Hatsan, ya guji duk wadda aka rubuta wa Magnum, wato mai ƙarfi sosai. Ya kuma tabbatar ya bambance hasbiyar daji da tattabarun maƙwabci, domin tattabara ɗaya da ta faɗo a gidan da ba nata ba ta isa ta kai mutane biyu gaban mai unguwa.

Mai sito ko ɗakin kaji da tsuntsaye ke shiga ta ƙarƙashin rufi ya fi dacewa da mai famfo a jikinta, saboda ikon rage ƙarfi, tare da toshe kafofin da ragar waya.

Mai gidan gona a bayan gari, da fili a buɗe da hankaki masu wayo da ba sa bari a matso su ƙasa da mita 35, shi ne kaɗai kuɗin PCP ke yi wa amfani, a girman 5.5, muddin zai jure famfo da canjin zobba. Idan ba zai jure ba, Diana 34 ko HW95 ta Weihrauch da haƙurin koyon riƙo za su kai shi kusa da haka. Shirwa da shaho da ke ɗaukar 'yan tsaki maganinsu rufaffen akurki ne, kamar yadda mujiya da balbela da shamuwa da ungulu ba sa cikin lissafin ɓarna, tunda ɓeraye da fara da mushe suke rage mana.

Manomin shinkafa ko gero da jan baki ke sauka wa, kamar yadda ake fama a Kebbi da kwarin Haɗeja da Yobe, ya ajiye kuɗinsa. Tsuntsun da ke zuwa dubbai a tashi ɗaya ba a rage shi da harsashi ɗaya-ɗaya, shi ya sa hukumomi ke bin makwancinsa da feshin jirgin sama. Kuɗin bindiga mai matsakaicin farashi zai saya masa raga mai yawa da ladan masu tsaron gona na makonnin da hatsi ke nuna.